Schnitzel a gidan abincin Jamus: wanne zan ci, wanne zan bari?

"Assalamu alaikum yaya. Ni ɗalibin aikin jinya ne a wani ƙaramin gari kusa da Nürnberg, wata huɗu kenan da zuwana. Abokan aikina duk ranar Alhamis suna zuwa wani Gasthaus cin schnitzel, sun sha gayyatata ina ta kawo uzuri har na fara jin kunya. Wani ɗan'uwa ya ce min duk alade ne kar in soma, wani kuma ya ce in dai an rubuta Wiener to saniya ce in ci abuna. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin, kuma in na bi su me zan ce a kawo min?"

Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da karatu, Allah ya ba da sa'a. In na fahimce ka da kyau abu uku kake son sani: wane nama ne a cikin schnitzel ɗin nan, da me ake soya shi, sannan shi wurin da abokan naka ke zuwa ya yanayinsa yake ga mutum irinmu. Su biyun da suka ba ka amsa kowa ya kamo wani gefe na gaskiya, amma in ka ɗauki maganar na biyun ka tafi da ita haka kai tsaye to za ka iya cin abin da ba ka so ba tare da ka sani ba. Ni sana'ata girki ce, na daɗe tsaye gaban kasko a Vienna kafin in dawo kudancin Jamus, kuma schnitzel na cikin abin da hannuna ya fi yi, saboda haka abin da zan gaya maka daga cikin kicin nake hango shi, ba daga kan tebur ba.

Shi schnitzel ba sunan wata dabba ba ne, salon girki ne. Tsoka ce marar ƙashi marar jijiya, a yanka ta falle, a shimfiɗa mata leda a buge ta da guduma har ta yi faɗi ta dawo kamar milimita 4 a kauri, a barbaɗa gishiri, a turmusa ta a fulawa, a tsoma a ƙwai, a birkima ta a garin busasshen burodi, sai cikin mai. Shikenan. Ba yaji ba albasa ba tafarnuwa, wanda ya taso da tsire da balangu ranar farko zai ce ai wannan lami ne, sai dai daɗin nasa ba a kayan ƙamshi yake ba, a suyar yake. Ana zuba mai da yawa a kasko yadda naman zai yi iyo, zafin ya kai digiri 160 zuwa 170, kuma mai suya ba ya barin kaskon ya zauna, yana ta jujjuya shi ne man yana hawa kan naman, tururin da ke fita daga tsokar sai ya ɗaga ɓawon ya kumbura ya yi tudu-tudu ya rabu da naman. In aka kawo maka wanda ɓawonsa ya yi wannan kumburin, launinsa ruwan zinare, in ka danna da cokali mai yatsu mai bai tsatso ba, to mai kicin ɗin ya san aikinsa. In kuwa ka ga ɓawon ya manne ƙam, kuma na kowa a teburin girma ɗaya siffa ɗaya kamar an buga su da hatimi, to daga firiza aka ciro shi, kamfani ne ya yi. Wannan bambancin ba na daɗi kawai ba ne, ka riƙe shi, zai yi mana amfani in mun zo maganar mai.

Akwai labarin da masu yawo da 'yan yawon buɗe ido suke so su bayar, wai wani babban sojan Ostiriya mai suna Radetzky ne ya zo da girkin daga Milan ta Italiya a 1857. Masana sun bincika ba su ga hujjarsa ba, kuma tun kafin wannan shekarar littattafan girkin Ostiriya suna da naman maraƙi da aka soya da garin burodi. Su dai mutanen Milan suna da nasu mai kama da shi, mutanen Foland da na Cek ma kowa da nasa, har Ostireliya inda ya zama abincin mashayarsu, amma mu bar wannan.

Abin da aka rubuta a menu

Nan ne maganar abokinka na biyu take da tushe. A Ostiriya da Jamus ƙa'idar abinci ta tanadi cewa in aka rubuta Wiener Schnitzel haka tsurarsa, to naman maraƙi ne, wato Kalb. Matsalar ita ce akwai wani rubutu mai kama da shi sosai wanda baƙo ba ya lura: Schnitzel Wiener Art. Wannan Art ɗin na nufin an yi shi a salon Vienna ne kawai, naman kuwa kusan kullum alade ne. Akwai kuma Wiener Schnitzel vom Schwein, wanda wata kotu a Arnsberg ta amince da rubuta shi haka a 2009 tunda an fito fili an faɗi dabbar, kaga mutumin da ya tsaya a kalmar Wiener bai ƙarasa karanta layin ba ya faɗa. In kuma aka rubuta Schnitzel kawai ba ƙari, a Gasthaus na ƙauyen Bayern, wato jihar da Nürnberg take, ka ɗauka alade ne har sai an tabbatar maka da akasin haka. Ko a Vienna ɗin ma haka abin yake, gidan abincin Figlmüller da ke titin Wollzeile tun 1905, wanda baƙi ke bin layi don schnitzel ɗinsa mai faɗin da ya fi faranti, wancan shahararren na gidan da alade ake yinsa, na maraƙi daban ake tambaya.

Kuma kar ka ce za ka gane da ido. Naman maraƙi fari-fari ne, na alade ma fari-fari ne, na talotalo ma haka, bayan an buge su an soya ko ni da nake aikin sai na yanka na duba da kyau. Abin da ya fi ido faɗa maka gaskiya shi ne kuɗi. Maraƙi na da tsada, sau da yawa kuɗinsa kusan ninki biyu ne na alade a menu ɗaya. To wannan ranar Alhamis ɗin da abokanka ke zuwa, ina kyautata zaton Schnitzeltag ce, ranar da gidan ke karya farashi ya jero maka kala goma ko fi a kuɗi ɗaya, kuma ka san ba mai karya farashi da maraƙi. Duk jerin nan nama ɗaya ne a ƙasa, miyar da ake zubawa a kai ce take canzawa. Jägerschnitzel na da miyar laimar kwaɗi, wadda sau da yawa ana fara ta da soya Speck, wato kitsen alade mai gishiri, wasu su ƙara giyar inabi. Rahmschnitzel miyar kirim ce. Paprikaschnitzel ko Balkanschnitzel miyar tattasai ce, tsofaffin menu na kiranta da wani suna da ke zagin ƙabilar Roma wanda yanzu yawancin gidaje sun cire. Münchner Schnitzel ana shafa masa mastad mai zaƙi da wani saiwa mai hawa hanci kafin a sa garin burodi. Cordon bleu kuwa ka yi nesa da shi ko da an ce na kaza ne ko na maraƙi, domin a tsakiyarsa ake cusa cuku da Schinken, shi kuma Schinken cinyar alade ce sai fa in an rubuta Putenschinken. In ka taɓa zuwa gabashin Jamus wajen su Leipzig ka ga Jägerschnitzel, can wani lokacin ma ba tsoka ba ce, yankan tsiran alade ne aka soya aka haɗa da taliya da miyar tumatir, gadon zamanin Jamus ta Gabas.

Kalmomin da za ka nema su ne Pute wato talotalo, Hähnchen wato kaza (a Ostiriya Huhn ko Hendl za ka gani), da Kalb. Gidaje da yawa sun san akwai masu gudun alade, a ƙasan jerin sai ka ga an rubuta da ƙananan baƙi cewa duk ana iya yinsu von der Pute in ka ƙara yuro ɗaya ko biyu.

Wani abu da ke ruɗar sababbin zuwa: waɗannan baƙaƙe da lambobi da ake jerawa gefen kowane abinci. Tun Disambar 2014 dokar Tarayyar Turai ta wajabta a bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane rashin lafiya, irin su alkama, ƙwai, madara, gyaɗa, kifi, mastad. Alade ba ya cikin 14 ɗin nan, giya ma ba ta ciki. Saboda haka kar ka duba ka ga ba alamar komai ka ce lafiya lau.

Maganar mai, wadda ita ce babba

Mu ɗauka ka samu Putenschnitzel, nama ya fita daga zargi. Saura me aka soya shi da shi, kuma a ina. Wannan ne mutanenmu suka fi mantawa, kuma a ganina ya fi sunan da ke menu muhimmanci domin shi ba a rubuta shi ko'ina.

Mai uku ake amfani da su. Na farko Butterschmalz, shi dai man shanu ne irin namu, an narkar da bota an tace ruwan da madarar an bar zallan man, kuma shi ne ke ba schnitzel ƙamshin da ake yabo. Na biyu man girki na tsirrai, yawanci Rapsöl ko na sunfulawa, wanda ya fi araha. Na uku Schweineschmalz, kitsen alade narkakke, wanda tsofaffin gidaje a Ostiriya da Bayern har gobe wasu na alfahari da shi suna cewa shi ne na kaka da kakanni. Ka kula da kyau a nan, in weta ta ce maka "in Schmalz" ta yi shiru, kar ka wuce, ka sake tambaya Butterschmalz ko Schweineschmalz, saboda a bakin mutanen yankin da kake kalmar ita kaɗai ta fi karkata ga na alade. Akwai gida a Vienna, Meissl & Schadn, da ke ba mutum zaɓi cikin ukun nan tun a wajen oda, amma irinsa ba su da yawa, sauran sai ka buɗe baki.

Sai kuma inda aka soya. Kicin iri biyu ne. Akwai mai soyawa a kasko, kowane oda da kaskonsa ko a ƙalla ana iya ɗauko wani wankakke a zuba sabon mai. Akwai mai jefawa a Fritteuse, wancan injin suyar mai kwando da ake cika shi da lita-lita na mai ana aiki da shi har kwana da kwanaki. A ranar Schnitzeltag da oda ke shigowa ba ƙaƙƙautawa, gidan da ke amfani da injin nan cikin mai ɗaya yake jefa na alade da na talotalo da Cordon bleu mai ɗigar da kitsensa, wani wurin har da soyayyen dankalin. Man na tsirrai ne tabbas, weta ba ta yi maka ƙarya ba in ta ce Pflanzenöl, wato man tsirrai, amma abin da ya yi wanka a cikinsa tun rana fa? Gidajen da suka ɗan fi tsari suna ware kwando ɗaya na dankali kaɗai don kar ya ɗauki ƙarnin nama, shi ya sa za ka iya samun Pommes, wato soyayyen dankali, mai tsabta a inda schnitzel ɗin bai tsira ba. Ka tuna abin da na ce game da ɓawo mai kumburi da wanda ya manne? Mai kumburin nan a kasko ake samunsa, shi kuma na firiza kusan kullum injin ake jefa shi. Saboda haka ko kallon farantin maƙwabcinka ka yi za ka iya hasashen irin kicin ɗin da ke bayan ƙofa.

Daga abin da na gani a aiki, roƙon a yi maka a kasko daban ba wani abin kunya ba ne, kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. Kullum muna samun takardar oda an rubuta wannan ba ya cin alkama, wancan madara na ba shi matsala, wata ba ta cin nama kwata-kwata. Ɗauko kasko da zuba man shanu minti nawa ne. Abin da ke ɓata wa mai girki rai shi ne a zo da roƙon ƙarfe bakwai da rabi na dare lokacin da takardu sun cika allo, ko a bari sai an kai abinci tebur sannan a dawo da shi. Ƙaramin gida na iyali, inda maigidan ko matarsa ke kicin, ya fi sauƙin wannan alfarmar a kan babban wuri mai tebur ɗari da yara ma'aikata da ke ta jefa kwando. Akwai kuma wani ɗan abu da ba kowa ke tunaninsa ba, kwanon fulawa da na ƙwai da na garin burodi, a yawancin kicin jeri ɗaya ne duk naman ke bi ta ciki, da katakon bugu da gudumar. In kana cikin masu tsanantawa har nan, to gaskiya Gasthaus na gargajiya ba zai gamsar da kai ba, gara ka san haka tun daga gida.

Abin da ke gefen faranti ma ba a sake masa. Bratkartoffeln, dankalin da ake soyawa yanka-yanka da albasa, kusan kullum da gutsattsarin Speck a ciki, sai ka ce ohne Speck, wato ban da Speck, kuma wani lokacin za a ce maka an riga an haɗa tun safe ba ya ciruwa. Kartoffelsalat na kudu ba da mayonis ake yinsa ba kamar na arewacin Jamus, da romo ne da binega da mai, to romon na mene ne, kuma an watsa Speck ko ba a watsa ba. Krautsalat na Bayern shi ma haka. Wanda ba ya da rigima shi ne dafaffen dankali da bota da ganyen fasili, Petersilienkartoffeln, sai salak na ganye ko na kokwamba, da yankan lemon tsami da ake matsawa a kan naman, da wannan jan jam ɗin mai tsami-tsami da suke kira Preiselbeeren. Shi jam da nama na san zai yi maka banbaraƙwai, amma ka ɗanɗana, yana yanke maiƙon. Miya kuma in ka ji shawarata ka bar ta gaba ɗaya, ko ba don Speck da giya ba, ɗan Vienna in ya ga an malala miya a kan soyayyen ɓawo har ya jiƙe ji yake kamar an zage shi, kuma a wannan ina bayansa.

Inda sanina ya tsaya

Akwai abu biyu da ba aikin mai girki ba ne ya yanke maka. Na farko yanka. Maraƙi da talotalon da Gasthaus ke saya daga mahautan gari ne, kuma a Jamus doka ta ce a sumar da dabba kafin a yanka, yanka ba sumarwa sai da izini na musamman, saboda haka kar ka sa ran wannan naman yankan Musulmi ne. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan abincin Ahlul Kitabi da ayar da ke cikin Suratul Ma'ida, wasu sun sauƙaƙa a kan naman ƙasashen nan in dai ba alade ba ne, wasu sun ce yadda ake kashe dabba a mayankan zamani bai cika sharaɗi ba. A cikin 'yan'uwanmu da ke zaune a nan akwai masu bin wannan akwai masu bin wancan, kuma duk mutanen kirki ne masu salla. Na biyu shi ne zama a teburin da ake shan giya, wanda akwai hadisi a kansa, kuma abokan aikin naka tabbas za su sha. Waɗannan biyun ka kai su gaban malamin da ka yarda da shi, wanda ya san zaman Turai in da hali, ni nawa in gaya maka abin da ke cikin kaskon.

Abin da zan iya yi shi ne in siffanta maka wurin don tambayar da za ka kai wa malam ta zama daidai. In an ce mashaya mu abin da ke zuwa mana a rai daban ne. Gasthaus ko Wirtshaus a Franken, wato yankin da kake, gidan abinci ne na gari, ranar Lahadi da rana za ka ga kaka da jikoki da keken jarirai, ana bikin suna da zaman makoki a ciki, sai dai giya na kan kusan kowane tebur domin yankin nan na Franken ya yi suna da yawan ƙananan kamfanonin giya. Kneipe ita ce ta fi kusa da mashaya ta ainihi, sha ne a gaba abinci a baya, kuma schnitzel ɗinta yawanci na firiza ne. Hayaƙin taba dai ba za ka sha shi a ciki ba, Bayern ta hana tun 2010 bayan ƙuri'ar raba gardama, Ostiriya ma ta bi a Nuwambar 2019.

Abin sha kuwa ba wanda zai kalle ka don ka ce Apfelschorle, ruwan tufa ne da aka sirka da ruwa mai gas, ko Spezi, wato kola da lemon zaƙi a haɗe, rabin masu tuƙi shi suke sha. Radler ne tarkon, ana ganinsa kamar lemo alhali rabinsa giya ce. Apfelwein da za ka gani wajen Frankfurt shi ma giya ce duk da tufa a sunansa. Wanda aka rubuta alkoholfrei, wato marar sinadarin maye, doka ta yarda ya ƙunshi har kashi 0.5 cikin ɗari, in kana son babu ko ɗigo sai ka ga 0,0 a kwalbar. Ruwa kuma ba kyauta ba ne, na kwalba ake kawowa a caje ka, in ba ka ce stilles Wasser ba, wato ruwa marar gas, mai gas za a ajiye maka.

In ni ne kai

Tunda kana aikin jinya Jamusancinka ya isa wannan. Ranar Talata ko Laraba da yamma wajen ƙarfe biyar, lokacin da aka buɗe amma mutane ba su cika ba, ka buga wa gidan waya ko ka biya da kanka, ka duba dai kar ka dace da Ruhetag, ranar hutunsu, wadda a gidaje da yawa Litinin ce ko Talata. Ka ce "Ich esse kein Schweinefleisch", wato ba na cin naman alade, sannan ka tambaya ko suna da Pute ko Kalb, sai "In welchem Fett wird das gebraten?", wato da wane mai ake soya shi, sai "Geht das in einer extra Pfanne?", wato za a iya yi a kasko daban. In amsar ta fito da sauri kuma a sarari, ko aka ce bari a tambayi kicin aka dawo maka da bayani, wannan gidan za a iya hulɗa da shi. In aka ce maka "ja ja, kein Problem", wato e e ba matsala, tun kafin ka rufe baki, ni ban cika sakin jiki da irin wannan ba. Ka yi wannan binciken kai kaɗai kafin ranar, ya fi ka tsare weta da tambayoyi mutum takwas na jiran yin oda.

In kuma maganar yanka ta tsaya maka a rai, har yanzu kana da abin ci a teburin. Ka yi sa'a da yankin da kake, domin Franken gidan kifin Karpfen ne, ana kiwonsa a tafkunan Aischgrund da ke yamma da Erlangen, kuma daga Satumba zuwa Afrilu, watannin da suke da harafin r a sunansu na Jamusanci, gidajen abinci na soya shi rabi guda ya lanƙwashe a faranti. Ka tambayi man da aka soya shi, ka kuma tambaya ko an sa giya a ƙullin, wasu na sawa. Akwai Käsespätzle, 'yar taliyarsu ta ƙwai da cuku da soyayyiyar albasa, mai riƙe ciki sosai. Wasu gidajen na yin Sellerieschnitzel, saiwar seleri ce ake yankawa fai-fai a yi mata fulawa da ƙwai da garin burodi daidai yadda ake wa nama, sai dai ita ma tambayar kasko na kanta. Abin da za ka kauce wa ko an ce maka shi ne abin alfaharin gari su ne Schäufele da ƙananan tsiran Nürnberg ɗin nan, duk alade ne zalla.

Wajen biya weta za ta tambaya "zusammen oder getrennt", wato a haɗe ko daban-daban, kowa nasa yake biya kuma ba rowa ba ce, haka al'adar take, kar ka ce za ka yi irin ta gida ka ɗauke wa kowa da albashin ɗalibi. Tukuici ba a barinsa a kan tebur, in kuɗinka ya kama yuro 18.40 sai ka miƙa 20 ka ce "stimmt so", wato a riƙe canjin, ko ka faɗi adadin da kake so a cira. Ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu domin ƙananan gidajen ƙauye har yanzu akwai waɗanda ba sa karɓar kati. Teburin da ka ga an kafa masa alamar Stammtisch na dattawan unguwa ne, ba a zama ko da babu kowa. Kicin kuma na rufewa da wuri, wajen tara na dare sau da yawa an kashe wuta ko da gidan na buɗe, in kana dutin yamma ka sa wani ya yi maka oda.

Wata hanyar kuma, wadda na ga ta yi wa yara da yawa aiki, ita ce wani satin kai ka ja su. A cikin Nürnberg unguwar Gostenhof da Südstadt cike suke da mahautan Turkawa da Larabawa da gidajen abincinsu, kuma da yawansu suna da Hähnchenschnitzel ko Putenschnitzel a menu tunda yaransu a nan aka haife su shi suke so. Galibi a injin suke soyawa ba a kasko ba, ɓawon ba zai yi kumburin nan na Vienna ba, amma alade bai taɓa shiga man ba. Ko kuma ka sayi tsokar cinyar maraƙi a wajen mahaucin halal, ka ce ya yanka maka Oberschale falle-falle kamar giram 150 kowanne, Butterschmalz na nan a kowane babban kanti kusa da bota, garin burodin kuma Semmelbrösel ake ce masa. In ba ka da guduma gindin ƙaramar tukunya ya isa. Ka kaɗa ƙwan sama-sama kar ya yi kumfa, kar ka danna garin burodin da hannu, barbaɗa kawai ka kakkaɓe, kuma kar ka bar shi ya jira, yana fita daga garin ya shiga mai, minti biyu zuwa uku kowane gefe, ka tsane a takardar kicin a ci nan take. In mutum shida za ka ciyar ka tanadi kasko biyu, ɗaya ba zai kai ka ba, na farko zai huce kafin na ƙarshe ya fito.